Babi na Bakwai: Gidan da Zai Ɗauki Eriya a Bakin Iyaka

Wanda zai sayi gida ko fuloti a ƙasar Bagudo, tambayoyinsa sanannu ne. Ruwa na kwanciya a nan da damina? Gaba nawa ake haƙawa kafin rijiya ta kawo? Gidan gado ne da aka riga aka raba, ko akwai wani magaji can Kwatano ko Legas da bai san an sa shi a kasuwa ba? Dillali ya tanadi amsoshin nan tun kafin a buɗe baki. Amma akwai mai sayen da ke zuwa da tambayar da dillali bai saba ji ba: in na kafa ƙarfe mai tsawon mita 10 a tsakar gidan nan, na ja waya daga kansa zuwa katangar baya, wa zai hana ni?

Mutanenmu ba baƙin rediyo ba ne. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, kuma tun daga nan manomi a Illo da makiyayi a Ka'oje sun san dabarar ɗaura guntun waya a eriyar akwati, a rataya ta a gora don tasha ta fito tar. Wannan sauraro ne, ba wanda ke neman izini a kansa. Mai rediyon sha'awa shi yana da baki. Da akwati mai ƙarfin wat 100 da batir guda, yana iya kiran wani mai irin sha'awarsa a Masar ko Birazil su gaisa, su gaya wa juna yadda murya ke isowa. Ba kasuwanci yake ba, ba kuma gidan rediyo ya buɗe ba. Ilimin abin yake so. Ƙungiyarsu ta duniya an kafa ta a Faris tun 1925, kuma marigayi Sarki Husaini na Jodan yana cikinsu, da lambar kira JY1. Lambar ɗan Najeriya da 5N take farawa, ta ɗan Benin da TY, ta ɗan Nijar da 5U. Akwatin nan komai tsadarsa, in ba eriya a sama aikinsa bai wuce ado ba. Eriya kuwa sai da fili. Shi ya sa maganar rediyo ke komawa maganar gida.

A Amurka, inda masu lasisin wannan sha'awa suka haura 700,000, matsalar a rubuce take. Hukumar sadarwarsu ta yanke a 1985, a wani hukunci da ake kira PRB-1, cewa ƙananan hukumomi ba su da ikon hana eriya ɗungurungum, dole su yi sassauci daidai gwargwado. Sai dai hukuncin bai taɓa yarjejeniyar da mutum ya sa wa hannu da kansa ba. Sababbin unguwanni da yawa a can ana sayar da gidajensu da sharuɗɗan da ke manne da takardar mallaka: launin fenti, tsawon shinge, da haramcin duk wani ƙarfe da zai leƙo saman rufi. Kwamitin unguwa ke tsare sharuɗɗan, yana kuma cin tara. An kai ƙudurin da zai sassauta wannan gaban majalisar wakilansu, ta amince a 2016, ta sake amincewa a 2017, majalisar dattawa ba ta zartar ba. Don haka Ba'amurke mai rediyo kan zauna ya karanta takardu shafi-shafi kafin ya biya ko sisi, wani ma ya haƙura da gidan da ya kwanta masa saboda layi ɗaya.

Irin waɗannan sharuɗɗa sun fara shigowa rukunin gidajen Abuja da wasu manyan birane. A Bagudo, Zagga, Lolo ko Tsamiya da wuya ka ci karo da su. Amma kada mai saye ya ɗauka rashin hani a takarda izini ne. A nan masu iya sauke maka eriya ba sa buƙatar takarda: maƙwabci ne, mai unguwa ne, jami'in tsaro ne, iskar farkon damina ce. Kowannensu ana iya shiryawa da shi, amma lokacin shirin shi ne kafin kuɗi su bar hannunka.

A fara da ƙasar kanta. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Inda aka ayyana birni, gwamna ke ba da takardar shaidar mallaka. A karkara ƙaramar hukuma ke ba da haƙƙin zama na al'ada, kuma doka ta nemi a sami amincewar wanda ya dace kafin haƙƙin ya canza hannu. A aikace yawancin ciniki a garuruwan nan ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi yake bi, da shaidu, da la'adar dillali. Mai rediyo ya bi hanyoyin biyu duka, kada ya tsaya a ɗaya. Dalili kuwa, ranar da aka zo tambayar ƙarfen da ke gidan, tambayar farko ita ce gidan wane ne. In gidan gado ne da ba a raba ba, a tuna da shufa'a: a mazhabar Malikiyya abokin tarayya na da damar karɓe rabon da ɗan'uwansa ya sayar, ya mayar wa mai saye kuɗinsa. Ba daɗi mutum ya zuba kankare ya kafa ƙarfe sannan wannan magana ta taso.

Akwai kuma itace. A kwarin Kwara giginya ba ta da wuya, kuma doguwar giginya ko tsohuwar ɗorawa a gefen fuloti ta ɗauke maka kuɗin ƙarfe gaba ɗaya, igiya kawai za ka jefa. To amma a al'adarmu ana iya sayar da ƙasa itacen da ke cikinta ya zama na wani, musamman mai 'ya'ya irin ɗorawa, kaɗanya da tsamiya. Ƙasar Bagudo a masarautar Gwandu take, inda Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'alimur Radi a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasa, kuma har yau dattawan wajen ba sa wasa da maganar iyaka da haramin rijiya da na itace. Ka tambaya a gaban shaidu: itacen nan yana cikin cinikin?

Sai awo. Tsawon eriya ba son rai ba ne, zangon da za ka yi magana a kai ke yanke shi. Eriya mafi sauƙi waya ce da aka raba biyu, igiyar akwati ta shigo ta tsakiya, kuma tsawonta a mita yana fitowa in ka raba 143 da yawan megahaz. A megahaz 14, inda ake kai wa nahiyoyi masu nisa, wajen mita 10 ke nan. A megahaz 7 mita 20 da ɗoriya. A megahaz 3.5 kuwa sai mita 40. Fulotin da aka saba yankawa, ƙafa 50 a 100, mita 15 ne a 30. Ke nan biyun farko za su shiga a miƙe, ta ukun ko an ja ta daga kusurwa zuwa kusurwa ba za ta samu fiye da mita 34 ba, sai an lanƙwasa bakinta ko an roƙi maƙwabci aron sama. Wanda ke da hali ya nemi 100 a 100, ko fuloti mai tsawo ko da ba faɗi. Ka je da tef ɗinka. Taku na yaudara, kuma katangar da aka ce ita ce iyaka wani lokaci ta ci hanya.

Tsayi kuma ya danganta da wanda kake son ji. In burinka Turai ne ko Asiya a megahaz 14, wayar na son ta yi sama kamar mita 10. In kuwa maƙwabtan ƙasa kake nufi, Birnin Kebbi, Sakkwato, Yamai, Kandi ko Paraku, abin ya zo da sauƙi: waya a megahaz 7 da aka rataya ƙasa-ƙasa tana cilla murya sama kai tsaye, sararin sama ya maido ta ta sauka a kewayen ɗaruruwan kilomita, ba ruwanta da tudu ko daji. A ganina wannan ita ce eriyar da ta fi dacewa da mutumin bakin iyaka, don ba ta tsole ido, kuma ita ke aiki ranar da sabis ya ɗauke. Ƙananan rediyon hannu na megahaz 144 zuwa 146 su kam sai inda ido zai iya kaiwa. Eriyarsu a kan sanda mai mita 9 tana hango wajen kilomita 12 a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a mita 16 kuma kilomita 16. Ka ga ninka tsayi ba ya ninka nisa. Wanda ya fahimci wannan ba zai sa kansa cikin rigima da unguwa saboda ƙarin kilomita huɗu ba.

Rigimar unguwa kuwa mafi yawanta ba a kan ƙarfen take ba, a kan mai hawa ƙarfen take. Gidajenmu buɗe suke ta sama. Tsakar gida ita ce ɗakin girki, wurin wanki, wurin da mata ke sakewa ba lulluɓi. Namijin da ya ɗare mita 10 ya ga gida biyar. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin wannan. A Muhtasar na Halil, wanda ake karantawa a zaurukanmu, an hukunta cewa ba a hana mutum hawa dabinonsa, amma sai ya sanar kafin ya hau, don maƙwabta su kintsa. Mai rediyo ya ɗauki wannan hukunci yadda yake. Ya aika yaro gida-gida a ce gobe da hantsi za a hau. Ya fi kyau ma a sa zobe a ƙololuwar ƙarfen tun yana kwance, a zura igiya, a riƙa ɗaga waya ana saukewa daga ƙasa kamar tuta, ta yadda shekara za ta zagayo ba wanda ya hau. Kuma tun ranar duba gida ka tsaya inda ƙarfen zai zauna ka auna da ido: in ya faɗi, ina zai kwanta? In amsar ita ce kan kwanon maƙwabci, ko hanyar da yara ke bi zuwa makarantar allo, ko kusa da wayar wutar lantarki, wurin bai yi ba. Iskar da ke zuwa gaban hadari a watan Mayu da Yuni tana yaye rufin kwano, ba za ta ji nauyin bututun da aka ɗaure da igiya biyu ba.

Wasu za su tambaye ka ko abin na kawo ciwo, don sun ji ana faɗin haka game da ƙarfen sabis. Wasu za su ɗauka kamfani ke biyan ka haya. Kada ka yi musu dariya, kada ka gajarta. Ka shigo da su su ga akwatin, su ji muryar wani daga nesa.

Duk wannan zai iya faruwa a kowane gari na ƙasar Hausa. Abin da ya bambanta Bagudo shi ne iyaka. Layin da ya raba ta da Benin a teburin Faris aka ja shi a 1898, lokacin da Ingila da Faransa suka amince ya taɓa Kwara mil 10 sama da Giris, mashigin Illo. Layin ya ratsa dangi ɗaya, Dandawa da Kyangawa da Busawa da Fulani da Hausawa, waɗanda har gobe suna cin kasuwannin juna daga Lolo zuwa Malanbil, daga Tsamiya zuwa Segbana. Iska ba ta san da layin ba. A ƙauyukan bakin iyaka waya kan kama sabis ɗin Benin ba tare da mai ita ya motsa daga zaurensa ba, shi ya sa mutane da yawa ke riƙe da layi biyu. Hukuma kuwa ta san da shi sarai, kuma shekarun nan sun ƙara mata sa ido. An rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019. A Nuwamban shekarar aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. A Satumban 2021 aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya saboda 'yan bindiga. A ƙarshen 2024 sunan mayaƙan Lakurawa ya cika bakin mutanen Kebbi da Sakkwato, a ɗaya ɓangaren kuma arewacin Benin na fama da hare-hare a kewayen gandun dajin W. Jami'in da ke aiki a irin wannan wuri, in ya hango baƙon ƙarfe da waya a saman wani gida, ya ji an ce mai gidan na magana da ƙasashen waje da dare, ba sha'awar kimiyya ce za ta fara zo masa a rai ba. Ni ban ga laifinsa ba. Oba-oba, wato rediyon hannu, a hannun wanda ba ya sanye da kaki ta riga ta yi baƙin suna a yankin nan, kuma da dalili.

Saboda haka lasisi ke gaba da komai. Dokar wayar iska ta 1961 ta hana kafa ko amfani da na'urar aika saƙo ta iska ba da lasisi ba, kuma lasisin daga gwamnatin tarayya yake fitowa, ba hakimi ko shugaban ƙaramar hukuma ke bayarwa ba. Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Najeriya, NARS, ita ce ƙofar da sabon shiga ya kamata ya fara ƙwanƙwasawa. Ƙa'idojin duniya da lasisin ke tafiya a kansu su ne kariyarka, in ka riƙe su: ka faɗi lambar kiranka a kai a kai, ba ka magana da zaurance don ɓoye ma'ana, ba ka ɗaukar saƙon ciniki. Wannan na ƙarshen a bakin iyaka jarrabawa ce ta gaske. Wata rana wani zai zo ya ce, "Malam, don Allah ɗan tambayar mana farashin shinkafa a Malanbil," ko ya nemi a gaya wa direbansa hanya ta yi kyau. Ka ba shi haƙuri, ko da surukinka ne. Saƙo ɗaya irin wannan ya isa a kira akwatinka kayan fasa-ƙwauri. Haka kuma lasisin Najeriya a ƙasar Najeriya ya tsaya. Ka yi hira da mai lambar TY daga ɗakinka, wannan halas ne. Ka saka rediyon hannu a aljihu ka tsallaka kasuwar Segbana ka danna, ka shiga hurumin hukumar Benin.

Da lasisi a hannu, kafin a biya kuɗin gida, sai gaisuwa. Mai unguwa ya kai ka wurin hakimi. "Ranka ya daɗe, gida nake nema a ƙasarka, kuma ina da wani aiki da nake so ka sani tun yanzu, kada ka ji shi a bakin wani." Ka nuna takarda, ka nuna hoton irin ƙarfen. Daga nan ofishin 'yan sanda, da jami'an tsaron farin kaya na ƙaramar hukuma, in gidan na kusa da shinge kuma har kwastan da jami'an shige da fice. Ka bar musu kofin lasisi, a buga hatimi a naka. Jami'ai ana canza su, takarda ke zama. In a wannan zagaye ka ga fuskoki sun ƙi sakewa, an ce wurin ya yi kusa da sansani ko mashigi, ka nemi wani fulotin can cikin gari. Asararka a nan kuɗin mai ne da goro. Bayan saye kuwa asarar gida ce.

Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo, amma mutane kan manta da shi. Ka ɗauki ƙaramin rediyon gajeren zango mai batir ka je fulotin bayan Magariba, lokacin da kowane gida ya kunna ƙwan sola, mai cajin waya ya jera wayoyi a teburinsa, janareta sun tashi. Ka murɗa zuwa tsakanin tashoshi biyu a wajen mita 41, inda ba kowa, ka ƙara murya. In shuu mai laushi ka ji, wurin na da tsabta. In ƙara ce mai kaushi da ba ta yankewa, ka zagaya kusurwa huɗu ka ga inda ta fi ƙarfi. Sau da yawa inbata ce mai araha a bayan katanga, ko wayar babban layi da ke tartsatsi a kan falwaya. Ka dawo da rana, lokacin da mai walda ke aiki. Muryar da ta taso daga Japan tana isowa a raunane ƙwarai, ƙwan fitila ɗaya marar kyau ya isa ya binne ta, kuma ba ka da ikon shiga gidan wani ka kashe masa fitila.

Wannan gwaji zai ja ka zuwa bayan gari, inda ba kowa. Fadama ma za ta ja ka, don ƙasa mai damshi tana taimakon eriya, kuma ƙarfen da ake kafawa a ƙasa saboda tsawa ya fi kama aiki a cikinta fiye da busasshen marmara. A nan nake cewa a yi hattara. Kwara ta yi ambaliya a 2012, ta sake a 2020 ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi, kuma ƙasar Bagudo na cikin inda abin ya shafa. Ka tambayi tsofaffin wurin inda ruwa ya tsaya a shekarar, ka duba gindin katangu da idonka. Gidan da ke shi kaɗai a bayan gari kuma, da dogon ƙarfe da faifan sola a kai, yana kiran ido iri biyu, na ɓarawo da na mai zargi. Na fi son tudu a gefen unguwa, cikin mutanen da suka san fitarka da shigarka, ko da za ka haƙura da ɗan ƙara a kunne. Tsawa kuwa ba a yi mata wayo: da hadari ya haɗo, a zare igiyar eriya daga akwati a fitar da bakinta waje.

In an daidaita, a sa maganar a takardar ciniki da Hausa ƙarara, ko da mai rubutun ya ce ba a saba ba. A rubuta tsawo da faɗin fili da awo, a ambaci itatuwan da suka shiga ciniki ɗaya bayan ɗaya, a rubuta cewa mai saye zai kafa ƙarfen eriya mai tsayi kaza a wuri kaza, kuma maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa sun ji sun yarda. In bakin waya zai ratsa saman wani ko ya ɗauru a itacensa, a rubuta cewa aro ne, da sharaɗin da za a kwance. Maƙwabtan su sa hannu cikin shaidu, mai unguwa ya sa, hakimi ya buga hatimi. Wanda haya zai kama ya yi irin wannan da mai gida, ya kuma zaɓi eriyar da mutum biyu za su iya saukewa cikin yini ɗaya. Maƙwabcin da ya yarda yau yana iya sayar da gidansa baɗi, ko ya rasu magada su shigo, kuma sabon da ya zo bai ji komai da kunnensa ba. A yi takardar kofi uku: ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya a fadar hakimi, ɗaya a jaka guda da lasisi.